Jagorar Neman Gidan Haya ga Baƙo a Birnin Buenos Aires

Birnin Buenos Aires, hedikwatar ƙasar Ajantina, yana da mazauna kimanin miliyan 3 a cikin iyakarsa wadda babban titin General Paz da kogin Riachuelo suka shata, kuma mafi yawan waɗannan mutane suna zaune ne a dogayen benaye da aka rarraba sashe-sashe, kowane sashe da mai shi. Baƙon da aiki ko karatu ko kasuwanci ya kai shi can zai tarar da tallan gidajen haya birjik a shafukan intanet irin su Zonaprop da Argenprop da Mercado Libre, har ya ɗauka cewa mako guda ya ishe shi ya karɓi makulli, alhali kuwa ganin gida shi ne mataki mafi sauƙi a cikin lamarin. Abubuwa biyu ne suke yanke hukunci: na farko shi ne lamunin da mai gida yake nema kafin ya amince da ɗan haya, na biyu kuma shi ne abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, domin tun daga ƙarshen shekarar 2023 doka ta janye hannunta daga yawancin sharuɗɗan haya, ta bar su ga abin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu.

Fahimtar yadda aka zo wannan matsayi tana da amfani, saboda yawancin shawarwarin da baƙo zai ci karo da su an rubuta su ne a ƙarƙashin dokar da ta riga ta shuɗe. A shekarar 2020 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da doka mai lamba 27.551, wadda ta wajabta cewa hayar gidan zama ba za ta gaza shekara uku ba, kuɗin ajiya ba zai wuce hayar wata guda ba, kuma ba za a ƙara kuɗin haya ba sai sau ɗaya a shekara bisa ma'aunin da babban bankin ƙasar yake fitarwa. Manufar ita ce kare ɗan haya, amma a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 211.4 cikin 100 a shekarar 2023, hayar da aka daskarar wata goma sha biyu takan zube daraja kafin shekara ta zagayo, don haka masu gidaje da yawa suka janye su daga kasuwa, wasu suka sa su a sayarwa, wasu kuma suka mai da su masaukin 'yan yawon buɗe ido da ake biya da dalar Amurka. A watan Disamba na 2023 gwamnatin Shugaba Javier Milei ta soke dokar ta hanyar dokar gaggawa mai lamba 70/2023, kuma daga nan gidajen haya suka sake yawaita a kasuwa. Abin da ya biyo baya shi ne cewa tsawon haya, da irin kuɗin da za a biya da shi, da yawan kuɗin ajiya, da ma'aunin ƙari da lokacin yin sa, duk sun koma abin ciniki, kuma a irin wannan ciniki wanda bai ƙware a Sifaniyanci ba kuma bai san al'adar gari ba shi ne mai rauni.

Aikin yana farawa ne daga takardu, tun kafin a leƙa kowane gida. Baƙon da zai daɗe yana neman izinin zama a hukumar shige da fice, wato Dirección Nacional de Migraciones, wadda takan ba shi takardar wucin gadi da ake kira residencia precaria yayin da ake duba buƙatarsa, kuma wannan takarda tana ba shi damar zama da yin aiki bisa doka. Idan izinin ya fito sai a ba shi katin shaida na ƙasa, DNI, wanda kusan kowace hulɗa a Ajantina take rataye a kansa, daga buɗe asusun banki zuwa sa layin intanet a gida. Akwai kuma lambar CUIL ta ma'aikata, wadda albashi da rasit ɗinsa suke bi ta kanta. Takardun da aka zo da su daga gida, kamar shaidar haihuwa da shaidar rashin laifi, dole ne a tabbatar da sahihancinsu ta hanyar da hukuma ta yarda da ita tun kafin a taso, sa'an nan a ba mai fassara da ke da rajista a Ajantina ya mai da su Sifaniyanci, domin fassarar da aka yi a wata ƙasa ba kasafai ake karɓarta ba. Doka ba ta hana mai fasfo kaɗai ƙulla yarjejeniyar haya ba, sai dai dillalai da kamfanonin lamuni sukan ja baya da wanda ba shi da DNI da shaidar samun kuɗi a cikin ƙasar.

Saboda haka kusan kowane baƙo yana fara zamansa ne da abin da ake kira alquiler temporario, wato hayar ɗan lokaci ta gida mai kayan ɗaki, wadda takan ɗauki wata ɗaya zuwa wata shida, ba a neman lamuni a cikinta sai kuɗin ajiya, kuma galibi da dala ake yanke farashinta. Ta fi hayar dindindin tsada ƙwarai, kuma dillalan wannan fanni sukan karɓi la'ada daga hannun ɗan haya, amma tana ba mutum adireshin da zai nuna wa hukuma da lokacin da zai san unguwanni da ƙafarsa. Abin lura a nan shi ne a tambaya a rubuce ko farashin ya haɗa da wuta da iskar gas da intanet da kuɗin hidimar bene, domin wasu masu gidaje sukan sa iyaka ga wutar da za a sha, abin da ya haura kuma ɗan haya ya biya. Wata uku ma'auni ne mai kyau ga wannan zango, tare da sharaɗin sabuntawa, tun da takardun hukuma ba su cika fitowa a lokacin da aka yi tsammani ba.

Babban shingen hayar dindindin shi ne garantía, wato lamuni. A al'adar birnin, mai gida yana so ɗan haya ya kawo wani mutum da ya mallaki gida ko sashen bene, wanda zai sa hannu a yarjejeniya cewa idan ɗan haya ya kasa biya, shi zai biya, kuma ana iya bin kadararsa a kotu. Wannan shi ne garantía propietaria, kuma masu gidaje da yawa sukan ƙara da cewa lallai kadarar ta kasance a cikin birnin kanta, mai ita kuma ɗan'uwa na jini. Dalilin wannan tsanani shi ne cewa fitar da ɗan hayan da ya daina biya yana bi ne ta kotu, shari'ar kuma tana jan lokaci, don haka mai gida yake neman abin da zai riƙe tun kafin rigima ta taso. Ba a karɓar lamunin da baki: ana neman rahoto daga ofishin rajistar kadarori, Registro de la Propiedad Inmueble, mai nuna cewa gidan na mai lamunin ne kuma babu jingina ko takunkumin kotu a kansa, da wani rahoton mai nuna cewa ba a hana mutumin taɓa dukiyarsa ba. Gidan da aka yi wa rajista a matsayin mazaunin iyali wanda doka ta kare daga masu bin bashi ba ya cika amfani a nan, tun da ba za a iya ƙwace shi ba.

A bayyane yake cewa wanda ya sauka jiya ba shi da kawu mai gida a unguwar Caballito, kuma wannan giɓi ne ya haifar da kasuwar masu sayar da lamuni, waɗanda suke tallata cewa za su kawo mai kadara ya tsaya wa mutum a kan wani farashi. Hanya ce mai haɗari da ya kamata a guje mata gaba ɗaya, domin sau da yawa kadara guda ake lamunce wa mutane da dama da ita, ko takardun su kasance na jabu, kuma idan asiri ya tonu ɗan haya ne yake rasa kuɗinsa da gidan, wani lokaci har ya shiga tuhuma. Halastacciyar hanya ita ce seguro de caución, wato inshorar da kamfani yake bayarwa cewa zai biya mai gida idan ɗan haya ya gaza, ko kuma lamunin kamfanoni masu zaman kansu da suke yin irin wannan aiki. Kamfanin yana duba kuɗin shigar mai nema ta hanyar rasit ɗin albashi ko takardun haraji, yana iya neman a haɗa da wani mai albashi idan na mutum ɗaya bai kai ba, sa'an nan ya karɓi wani kaso na jimillar hayar dukan yarjejeniyar, wanda yakan kai hayar wata guda ko ya haura. Wajibi ne a gane cewa wannan kuɗi ba ya dawowa, kuma inshorar mai gida take karewa: idan kamfanin ya biya a madadin ɗan haya, zai juyo ya bi shi bashin. Wanda ma'aikatarsa ko jami'arsa ta kawo shi yana iya neman ta tsaya masa a rubuce, wasu masu gidaje kuma sukan haƙura da lamuni idan aka biya hayar watanni da dama gaba. Wannan na ƙarshe ba zai zama baƙon abu ga wanda ya saba biyan hayar shekara guda gaba a Kano ko Abuja ba, sai dai a Buenos Aires ba shi ne abin da aka saba ba, don haka dole a rubuta a yarjejeniya watannin da kuɗin ya rufe da yadda za a mayar da ragowar idan zaman ya katse.

Tallan gidaje yana da nasa harshe. Ana ƙirga girman gida da ambientes, wato ɗakunan zama ban da kicin da banɗaki, ta yadda monoambiente yake nufin ɗaki guda da ya haɗa falo da wurin kwana, dos ambientes falo da ɗakin kwana ɗaya, tres ambientes kuma falo da ɗakunan kwana biyu. Mai iyalin da ya ɗauka lambar tana nufin ɗakunan kwana zai sami gidan ya gaza da ɗaki guda. Kalmar frente tana nufin sashen da ke kallon titi, mai haske da hayaniya, contrafrente na bayan bene ne, mai shiru, interno kuwa tagoginsa suna buɗewa ne ga wani ƙuntataccen fili a tsakiyar gini inda rana ba ta cika shiga ba. Ana kiran hawan ƙasa planta baja, hawa na ɗaya yana samansa. Akwai kuma abin da ake kira PH, tsofaffin gidaje marasa tsawo da ke jere a kan doguwar baranda guda, waɗanda sukan zo da tsakar gida ko rufin da ake hawa, kuma kuɗin hidimarsu kaɗan ne ko babu, abin da ya sa masu yara suke son su. Gidan da ba shi da kayan ɗaki yakan zo da murhun girki da na'urar ɗumama ruwa kawai, babu firji, babu injin wanki, wani lokaci ko labule da fitilu babu, kuma wannan kashe kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Birnin yana da unguwanni 48, kuma farashi yana sauka ne a hankali daga arewa zuwa kudu. Puerto Madero da Palermo da Recoleta da Belgrano su ne masu tsada, a nan kuma baƙi suka fi taruwa. Caballito da Almagro da Villa Crespo unguwannin masu matsakaicin hali ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake kira subte, yake ratsa su. Once da Flores da Constitución kuwa cibiyoyin kasuwanci ne masu arha da cunkoso, inda 'yan Afirka ta Yamma, musamman 'yan Senegal, suka daɗe suna hada-hada, amma wasu titunansu suna buƙatar taka tsantsan da dare. Musulmin da yake son kusantar masallacin Juma'a yana da Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahd a Palermo, wadda aka buɗe a shekarar 2000, da masallacin Al Ahmad a unguwar San Cristóbal, inda hayar ta fi sauƙi. Wanda ya tsallaka titin General Paz zuwa Vicente López ko San Isidro ya shiga lardin Buenos Aires, kuma wasu ƙa'idojin birnin ba sa bin sa can.

Ranar duba gida, iskar gas ce ta cancanci tambayar farko. A tsofaffin benaye, idan kamfanin gas ya gano yoyo yakan rufe wa ginin gaba ɗaya har sai an gyara bututu an sake dubawa, kuma wannan yana iya ɗaukar watanni, mazauna suna zaune babu murhu babu ruwan zafi a tsakiyar hunturu, wanda a can yake faɗowa daga Yuni zuwa Agusta. Ya kamata a kunna murhu da na'urar ɗumama ruwa a ga harshen wutar shuɗi ne, a tabbatar akwai kafofin shigar iska a bango kuma ba a toshe su ba, domin hayaƙi marar wari da na'urorin gas marasa lafiya suke fitarwa yana kashe mutane a kowane hunturu. Tun da ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, tagar da ke kallon arewa ita ce mai samun rana, mai kallon kudu kuwa takan bar ɗaki da sanyi da danshi, kuma danshi a birnin da ke bakin kogin Río de la Plata matsala ce ta gaske wadda sabon fenti yake ɓoyewa na ɗan lokaci. Duba bayan kabad da kusurwar silin yana bayyana ta. Mai neman hawan ƙasa ya tambayi maƙwabta ko titin yana cika da ruwa, domin akwai rafuka da aka binne a ƙarƙashin birnin, irin su Maldonado da ke bin titin Juan B. Justo. Mutumin da ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa shi ne encargado, mai kula da bene, kuma hira ta minti biyar da shi takan fi bayanin dillali amfani.

Kuɗin da ke kan talla ba shi ne duk abin da za a biya a wata ba. Kowane bene yana da expensas, wato kason da kowane sashe yake biya na albashin mai kula da gini, da gyaran lif, da shara, da wutar matattakala, kuma a ginin da ke da masu gadi dare da rana ko wurin ninkaya wannan kaso yana iya zama babban ɓangare na kuɗin zama. An raba shi biyu: ordinarias na hidimar yau da kullum, waɗanda ɗan haya yake biya, da extraordinarias na manyan ayyuka kamar sauya bututu ko gyaran fuskar gini, waɗanda bisa al'ada na mai gida ne, amma a yanzu sai an rubuta hakan ƙarara kafin a dogara da shi. Neman takardun expensas na watanni uku da suka wuce yana nuna yadda kuɗin yake hawa, da ko ginin yana da bashi ko shari'a a kansa. Sai kuma harajin birni da ake kira ABL, na fitilun titi da shara, da kuɗin ruwa, waɗanda yarjejeniya ce take fayyace mai biyan su.

Dillalin gidaje a birnin dole ne ya kasance da rajista a ƙungiyar CUCICBA, kuma ana iya neman lambarsa a duba. Dokar birni mai lamba 5859 ta shekarar 2017 ta ɗora la'adar hayar gidan zama a kan mai gida, ta hana a karɓe ta daga ɗan haya, don haka duk wani kuɗi da aka ƙirƙira wa suna a wannan mataki ya cancanci a nemi bayaninsa a rubuce. Idan gida ya yi, ana ajiye reserva, wani kuɗi da ke riƙe gidan har mai shi ya amsa tayin. Idan ya ƙi, kuɗin yana dawowa, idan kuwa mai nema ne ya fasa, ya rasa shi, kuma rasit ɗin ya kamata ya faɗi wa'adi da abin da zai faru idan aka ƙi lamunin da aka gabatar. Damfarar da ta fi kama baƙi ita ce ta tallan gida mai kyau da arha wanda wai mai shi yana ƙasar waje, yana neman a tura kuɗi kafin a aiko da makulli. Ba a biyan ko peso ɗaya a kan gidan da ba a shiga ba, kuma mai hulɗa da mai gida kai tsaye yana da haƙƙin ganin takardar mallaka ya gwada sunan da ke kanta da na katin shaida.

Yarjejeniyar kanta ta cancanci a karɓe ta kwanaki kafin ranar sa hannu, a kai wa lauya ko mai fassara, domin kuɗin wannan dubawa bai kai komai ba idan aka gwada da abin da layi ɗaya yake iya jawowa. Abin da aka fi yi a yanzu shi ne haya ta shekara biyu da peso, kuɗin ƙasar, ana yin ƙari kowane wata uku ko huɗu bisa ɗaya daga ma'aunai biyu: IPC, ma'aunin farashin kaya da hukumar ƙididdiga ta INDEC take fitarwa, ko ICL na babban banki, wanda yake haɗa farashin kaya da albashi rabi da rabi. Ƙarin yana hawa ne a kan wanda ya gabata, ta yadda, a misali, hayar peso 500,000 da aka ƙara wa kashi 10 cikin 100 sau uku takan koma 665,500. Wanda aka yanke wa haya da dala zai biya da dala, tun da doka ta yanzu ta tilasta biya da irin kuɗin da aka rubuta, kuma wannan yana dacewa ne da mai samun albashinsa da dala kaɗai. Mai karɓar peso da ya ɗaure kansa da dala ya ɗauki haɗarin canji a wuyansa. Haka nan a rubuta da wane kuɗi aka ba da ajiya, da wane za a mayar, da cikin kwana nawa, domin ajiyar peso da aka mayar bayan shekara biyu ba tare da sabunta darajarta ba ta riga ta narke. Game da fita kafin wa'adi, ƙa'idar yanzu ta ba ɗan haya damar tashi a kowane lokaci idan ya biya kashi 10 cikin 100 na hayar watannin da suka rage, abin da ke nufin cewa mai barin gida saura wata goma sha biyu zai biya abin da ya ɗan haura hayar wata guda, kuma baƙon da aikinsa zai iya ɗauke shi ba shiri yana da dalilin neman a sassauta wannan sharaɗi tun a ciniki. An saba kai takardar gaban escribano, jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da sa hannu, don kada wani ya musanta daga baya.

Ranar karɓar makulli ana rubuta jerin duk abin da ke cikin gidan da halin da yake ciki, a ɗauki hotuna masu kwanan wata, a rubuta lambobin mitar wuta da gas, ɓangarorin biyu su sa hannu a haɗa da yarjejeniya. Kowane biya na wata ya kasance da rasit ko ya bi ta banki, musamman idan da takardun dala ake biya hannu da hannu. Duk sanarwa mai nauyi, kamar neman gyara da aka yi biris da shi ko niyyar tashi, ana aika ta ne da carta documento, wasiƙar gidan waya da kotu take karɓa a matsayin hujja, zuwa adireshin da aka rubuta a yarjejeniya. A ranar fita kuma ɗan haya yana gabatar da shaidar cewa babu bashin expensas da wuta da gas a kansa, ya mayar da gidan da fenti idan haka aka rubuta, sa'an nan ya karɓi takardar miƙa makulli mai kwanan wata da sa hannun mai gida ko dillali, domin muddin babu wannan takarda ana iya ci gaba da lissafa masa haya, shi da wanda ya tsaya masa.